Darasi na 9: Taliya a Gefen Tuwon Dare

A garuruwanmu na kudancin Kano, idan aka ce abincin dare, tuwo ake nufi. Mutumin Doguwa da masararsa, na Tudun Wada da shinkafarsa, na Kiru da Bebeji da dawa da masara, kowa ya san ƙamshin miyar kuka ko ta kuɓewa bayan sallar magariba. Taliya ba ta ture tuwo daga kan tabarma ba, wurinta a gefe yake. Ita ake ɗorawa idan baƙi suka yi sallama bayan an riga an kwashe tuwo an kasafta. Ita ake yi wa yaran da suka dawo daga Islamiyya da yunwa, tuwo bai sauka ba. A watan azumi, ita ce ƙaramin tiren da ake ajiyewa kusa da kunu da ƙosai. Ranar da aka yanka kaza, ko maigida ya shigo da kifin Tiga, ita ke raka naman har ya kai ga kowa.

Sauri ne ya ba ta wannan matsayi. Kafin dawa ta zama tuwo sai an surfa, an wanke, an kai niƙa, an tankaɗe, an yi talge, an tuƙa. Taliya kuwa daga leda sai tukunya, cikin minti goma ta nuna. Sai dai saurin nan shi ke kayar da masu girki da yawa. Tuwo yana jiran mai shi a cikin kwano har isha'i, shinkafa tana jira a kan garwashi. Taliya ba ta jiran kowa. Idan ta wuce lokacinta da minti uku a cikin ruwa ta caɓe, idan aka tsane ta aka tafi neman albasa ta cure wuri ɗaya. Don haka a wannan darasin za mu haɗa abu uku: karanta rubutun da ke jikin leda, lissafin baki da ruwa da lokaci, sannan girkin kansa. Darasin na mata ne da maza baki ɗaya. Magidancin da matarsa ta haihu ko take kwance ba lafiya, da saurayin da ke zaman ci-rani, duk suna bukatar iya sauke abin da za a ci a ƙoshi.

Daga gona zuwa leda

Taliya 'yar alkama ce, alkama kuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun noma ta a fadamu da rani, suka yi alkaki da funkaso da gurasa da ita. Abin da ya faɗaɗa nomanta a wannan yanki shi ne madatsar ruwa ta Tiga da ke ƙasar Bebeji, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Daga nan ne ruwa ke bin magudanai zuwa gonakin Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam. Alkama tana son sanyi, shi ya sa ake shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, ta sha hunturu, a yanke ta wajen Maris. Dattawan aji za su tuna shekarar 1987, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama daga waje, manoman Kano suka duƙufa a kanta, kafin a ɗage dokar a 1992. Har yau abin da muke nomawa bai kusa isar ƙasa ba. Mafi yawan alkamar da kamfanoni ke niƙawa su yi fulawa da taliya ta jirgin ruwa take shigowa, da kuɗin waje ake sayenta. Wannan ne dalilin da duk lokacin da dala ta motsa, sai mai shago a Kwanar Dangora ko Riruwai ya ce maka taliya ta tashi. Abin da aka saya da tsada haka bai kamata ya ƙare a kwanon kaji don an kasa dafa shi ba.

Taliyar da ke shiga gidajenmu iri biyu ce. Akwai tamu ta gida, 'yar murji, sana'ar matan aure da yawa a cikin ɗakunansu. Ana kwaɓa fulawa da gishiri da ruwa kaɗan, kwaɓi mai tauri sosai, wasu kan ɗiga ruwan kanwa. A gutsura, a bi da shi ta cikin injin murzawa sau da yawa har ya yi faɗi da santsi, sannan a mayar da shi bakin da ke yankawa siri-siri, a shanya a igiya. Da hunturu takan bushe da wuri, da damina sai an yi hattara da fumfuna. Tana da laushi, tana saurin nuna, kuma manja da yaji sun fi kama ta.

Akwai kuma ta leda, ta kamfani, doguwar da ake kira supageti da gajeriyar da ake kira makaroni, irin su Golden Penny da sauransu. Inji ne ya matse ta ya busar da ita ƙarau, don haka ta fi tauri, ta fi jure wuta, ta fi daɗewa a ajiye. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a dafa su da lokaci ɗaya. Mintin da ta leda ke fara laushi, a lokacin 'yar murji ta riga ta narke.

Abin da ke rubuce a jikin leda

Kowa ya ɗauki ledar da ya zo da ita aji, mu duba tare.

Da farko a nemi nauyi. Za a ga 500g. Harafin g yana nufin giram, giram 500 kuwa rabin kilo ne. Wasu ledojin ba su kai haka ba ko da sun yi kama da juna a ido, shi ya sa mai karatu ba ya sayen leda da girman gani. Sai a nemi kwanan wata. Inda aka rubuta MFD, ranar da aka yi ta ke nan. Inda aka rubuta BB ko EXP, lokacin da ya kamata a ce an cinye ta ke nan. Idan an ga 08/2027, lamba 8 tana nufin wata na takwas, wato Agusta, na shekarar 2027. Akwai kuma lambar hukumar NAFDAC, mai kula da ingancin abinci da magunguna. A ƙarshe, a bayan leda, yawanci kusa da hoton tukunya ko agogo, akwai adadin mintin da kamfanin ya ce a dafa ta. Wannan lambar ta bambanta daga iri zuwa iri, siririya ba ta kai mai kauri daɗewa ba. A karanta ta kowane lokaci, kada a dogara da ta jiya.

Bayan karatu sai duban ido. A ɗaga ledar a haske. In akwai huji, ko gari ya taru a gindinta, ko ƙananan ƙwari suna yawo, a mayar. 'Yar murji ba ta da rubutu, hanci ne alƙalinta: in tana warin fumfuna ko tsami, ba ta bushe da kyau ba.

Baki nawa, ruwa nawa

Idan taliya ce kaɗai abincin, babban mutum yana cin kamar giram 100 na busasshiya, leda ɗaya ta ciyar da mutum 5. Amma idan a gefen tuwo ko nama za ta zauna, rabin haka ya isa, giram 50 ga kowa, leda ɗaya ta kai ga mutum 10. Ido yakan ruɗi mai girki a nan, domin busasshiyar taliya tana nuna kamar ba ta da yawa. Tana shan ruwa ta ninka nauyinta fiye da sau biyu. Gidan da ke da manya 4 da yara 6, ga tuwo an tuƙa, leda ɗaya ta wadatar har a miƙa wa maƙwabciya.

Ruwa shi ne inda aka fi yin rowa, kuma shi ne inda bai kamata a yi ba. Leda ɗaya tana son ruwa kamar lita 4. Ruwan leda da ake sayarwa rabin lita ne, ke nan ruwan leda 8 ya zama lita 4. Ba cewa ake yi a sayi ruwan leda don dafa taliya ba. A auna sau ɗaya kawai da kofin da aka san yana cin ruwan leda guda, a zuba sau 8 a babbar tukunyar gida, a lura da inda ruwan ya tsaya. Daga ranar an san ma'auni.

Ga dalilin yawan ruwan. Taliya tana shiga ruwan zafi sai sitacin da ke jikinta ya fara fita. In ruwa yana da yawa, sitacin ya baje a ciki, kowane sili ya yi yawonsa. In ruwa kaɗan ne, sai ya yi kauri kamar koko, silin ya manne da ɗan'uwansa, na ƙasa ya kama gindin tukunya, na sama bai nuna ba. Sannan ruwa kaɗan yana hucewa da zarar an zuba masa taliya, ta zauna a ciki tana jiƙa maimakon dahuwa.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Tunda taliya ba ta jira, duk abin da zai raka ta sai ya rigaye ta sauka. Ga abin da leda ɗaya ke bukata idan za a yi ta da jajjage da kifi da ganye: tumatir madaidaita 6, tattasai 2, attaruhu 2 ko 3 gwargwadon yadda yaran gida ke jure yaji, babbar albasa 1, tafarnuwa da citta kaɗan, daddawa, man gyaɗa kamar rabin gwangwanin madara, busasshen kifi, karas 2, da alayyahu ko zogale cikin hannu biyu. In akwai lawashi, a haɗa da shi.

Da hunturu zuwa farkon bazara wannan girki ba shi da tsada a wajenmu. Lokacin ne tumatirin noman rani ke cika kasuwar Kwanar Gafan har ana loda shi a manyan motoci zuwa Legas, albasa da karas da kabeji suna ko'ina. Da damina kuwa tumatir yakan yi wuya, sai a koma ga kauɗa da busasshen tattasai. A wanke su sau biyu ko uku saboda ƙasa, a jiƙa a ruwan ɗumi su yi laushi, sannan a daka ko a kai markaɗe. Mai dabara tun lokacin araha take yanka nata ta shanya a kan tabarma mai tsabta, ba a ƙasa ba.

A fara da kifi. A zuba masa ruwan zafi ya ɗan jiƙa, a wanke, a ɓare, a zauna a cire ƙaya da natsuwa. Wannan aikin ba na gaggawa ba ne. A cikin taliya ƙaya ba ta ganuwa, kuma yara haɗiya suke yi ba tauna ba. Sai a jajjaga tumatir da tattasai da attaruhu da rabin albasa a turmi, kada su yi laushi kamar na miya. A yanka sauran albasar, a kankare karas a yanka ƙanana, a wanke ganye da ruwa mai tsabta a yanka.

A ɗora ƙaramar tukunya, a zuba mai. In ya yi zafi a saka albasa ta yi laushi, a bi da tafarnuwa da citta da dakakkiyar daddawa, sannan jajjage. A bar shi ya soyu ana juyawa, har ruwan tumatir ya tsotse, mai ya taso sama, tsamin ya tafi. Wasu kan jefa kanwa don su kashe tsami da wuri. Gara a yi haƙuri da wuta, domin kanwa tana lalata wani sashe na amfanin da ke cikin tumatir da ganye, kuma karas da albasa suna kawo zaƙin da ke danne tsamin. In ya soyu a zuba kifi da karas da ɗan ruwa, a rufe minti 5. Zogale ɗanye yana son wuta, shi a saka shi tare da kifi. Alayyahu kuwa sai a ƙarshe, minti 2 ya ishe shi, a sauke yana nan kore.

Tun ana wannan suya, babbar tukunyar ruwa tana kan ɗaya murhun, a rufe. Murfi yana sa ruwa ya tafasa da wuri, ya rage cin itace. Mu da muke maƙwabtaka da dajin Falgore mun ga yadda itace ke ƙara nisa da tsada shekara bayan shekara, ba sai an yi mana dogon bayani ba. In murhu ɗaya ne a gidan, a gama jajjage a sauke a rufe, sannan a ɗora ruwa.

Minti goman da ba a barin bakin murhu

Kada a zuba taliya sai ruwa yana tafarfasa, ba lokacin da ya fara ƙananan kumfa a gefe ba. A saka gishiri cokalin cin abinci ɗaya. Yanzu ne kaɗai gishiri zai iya shiga cikin silin, kuma mafi yawansa zai bi ruwa ya tafi idan aka tsane. Mutanen Italiya, waɗanda taliya ta zame musu abincin kullum, ba sa karya doguwar taliya. Mu da hannu da cokali muke ci, a tire ɗaya da yara, don haka karya ta biyu ko uku ya fi mana sauƙi, kuma ba ya rage mata komai.

Da an zuba, a juya nan take da muciya ko dogon cokali, a sake juyawa bayan minti ɗaya. Mannewa a waɗannan mintuna biyun farko take faruwa. Wanda ya tsare su ya huta. Zuba mai a cikin ruwan ba shi da amfani: mai yana tasowa sama ne, taliya tana ƙasa, a ƙarshe a zubar da shi tare da ruwa. A adana shi don jajjage. Kada kuma a rufe tukunya ruf bayan taliya ta shiga, kumfa zai taso ya kashe wuta.

A duba agogon waya lokacin da ruwa ya sake tafasa, daga nan ake fara ƙirga. In leda ta ce minti 10, a fara dubawa a minti na 8. A ciro sili ɗaya, a gutsura, a kalli tsakiyarsa. In akwai farin ɗigo mai tauri, da saura kaɗan. Lokacin da ɗigon ke gab da ɓacewa, silin ya yi laushi amma haƙori yana jin sa, lokacin saukewa ke nan, domin za ta ƙarasa nuna a cikin jajjage. 'Yar murji kuwa a fara duba ta tun minti na 3, kuma a juya ta a hankali don kada ta kakkarye.

Kafin a tsane, a ɗebi ruwan dahuwar ludayi biyu a ajiye. Sannan a kori yara daga wajen, a kama tukunya da tsumma busasshe, a karkata ta bakin yana kallon gaba, ba jikin mai girki ba, a juye a kwando. Ruwan kada a watsa shi a tsakar gida inda mai rarrafe ke bi. In tsautsayi ya sa wani ya ƙone, a yi ta zuba wa wurin ruwan sanyi mai tsabta har kamar minti 20, kada a shafa manja ko ƙwai ko man goge baki, in ƙunar babba ce a nufi asibiti.

Daga kwando sai cikin jajjage, ba tsayawa. A juya, a zuba ruwan da aka ajiye kaɗan-kaɗan har jajjagen ya bi kowane sili, a bar ta minti 2 a wuta marar ƙarfi, a watsa lawashi, a sauke.

Karatu

A karanta wannan hira da murya, mutum biyu-biyu.

Amarya ta juye taliya a kwando, ta ɗauki moɗa ta nufi randa, sai uwargida ta tsayar da ita.

"Amarya, ina za ki da moɗa?"

"Ruwa zan ɗebo in ɗauraye ta, Yaya, kada ta cure."

"Dakata tukuna. Ruwan randar nan daga ina aka ɗebo shi?"

"Na rijiya ne, wanda yara suka jawo da safe."

"An tafasa shi?"

"A'a, Yaya. Ai a gidanmu haka na ga ana yi."

"Mu ma haka muka taso muka gani, ƙanwata. Amma duba, wuta ta riga ta kashe mafi yawan ƙwayoyin cutar da ke cikin abincin nan. In kika zuba masa ɗanyen ruwa, kin mayar masa da abin da wuta ta kore, kuma ba za ki sake dafa shi ba. Yaran nan ne za su ci."

"To yaya zan yi kada ta manne?"

"Jajjagenki ya soyu?"

"Ya soyu tun ɗazu."

"Juye ta ciki yanzu da zafinta. In da manja za a ci, ki zuba mata cokali biyu ki juya. In kuma 'yar murji ce mai gari a jiki, dole sai an ɗauraye, to ki yi da ruwan da kika tafasa."

"Na gode, Yaya. Allah ya ƙara girma."

Wannan magana ta uwargida ita ce mafi nauyi a darasin nan. Amai da gudawa da zazzaɓin taifot ta gurɓataccen ruwa da abinci suke shiga, kuma da damina, lokacin da ruwan sama ke wanko ƙazanta zuwa rijiyoyi, haɗarin ya fi yawa. Ɗauraye dafaffiyar taliya da ɗanyen ruwa al'ada ce da ta zauna a gidaje da yawa, ya kamata a bar ta. Haka kabeji da latas da tumatir da ake yankawa a kai ɗanye, da ruwa mai tsabta za a wanke su.

Ranar da babu kifi

Ba kullum ake samun kifi ko nama ba, kuma taliya da manja da yaji abinci ne mai daraja. Sai dai a kula da manjan. A ɗumama shi da albasa a wuta kaɗan har ya narke ya yi ƙamshi. Ja ɗin nan nasa shi ne abin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai taimakon ido da garkuwar jikin yara. In aka bar shi a wuta yana hayaƙi har ya washe, an ƙone amfanin. Yajin kuma a daka shi da ƙuli-ƙuli, gyaɗar tana ƙara masa abin gina jiki.

Abin da ya fi kowanne a ganina shi ne taliya da wake. Taliya tsurarta ƙarfi take bayarwa, kamar tuwo da shinkafa, amma abin da ke gina jikin yaro bai cika a cikinta ba. Wake yana da abin da alkama ta gaza, alkama tana da abin da wake ya gaza, haɗuwarsu ta fi kowannensu shi kaɗai. Ga shi waken a gonakinmu yake, ba a jirgin ruwa ya zo ba. A nan ma lissafin lokaci ne: wake yana cin kusan awa ɗaya, taliya minti goma. A jiƙa wake tun rana, a dafa shi har ya yi laushi a hannu, a ƙara tafasasshen ruwa, sannan a zuba taliya. Gwangwanin madara biyu na wake ya dace da leda ɗaya, kuma yana sa ta ƙara auki.

Masu lalura, da abin da ya kwana

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a duk abin da ya ci daga safe zuwa dare. Dunƙulen magi kaso mai yawa nasa gishiri ne. In an sa gishiri a ruwan taliya, ga busasshen kifi, ga yaji mai gishirinsa, to a ɗanɗana kafin a ƙara komai. Daddawa da albasa da citta suna ɗaga girki ba tare da sun tayar wa mai hawan jini da ciwo ba. Mai ciwon suga a zuba masa taliyar kaɗan, wake da ganye su fi yawa, kuma kada a ba shi wadda ta caɓe, domin ta fi saurin ɗaga sugan jini. Jaririn da bai kai wata 6 ba nono kaɗai ya ishe shi. Wanda ya wuce haka a ɗebar masa tun kafin a sa yaji, a murƙushe masa da wake.

Mun saba da ɗumamen tuwo, sai mu ɗauka taliya ma haka take. Dafaffiyar taliya da shinkafa suna saurin lalacewa a zafi, musamman da bazara. Akwai ƙwayar cutar da ke yaɗuwa a cikinsu idan suka daɗe a ajiye, ta bar guba wadda ɗumamawa ba ta kashewa. Ƙa'idar masana lafiya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba a wuta ba, ba a firji ba. Wanda zai dawo daga kasuwa bayan isha'i a zuba masa nasa da zafinsa a kula mai riƙe zafi. Inda akwai firji mai wuta, a saka ragowar da wuri, gobe a ɗumama ta har tururi ya ratsa ko'ina. Wadda ta fara yauƙi ko tsami a zubar, ko da ran mutum bai so ba. Inda babu firji, maganin shi ne a ƙirga baki tun kafin a buɗe leda, in rabi ya isa a dafa rabi, a ɗaure bakin sauran a sa a mazubi mai murfi.

Tambayoyi da aikin gida

1. Gida yana da mutum 15, an tuƙa tuwo, ana son taliya a gefe, giram 50 ga kowa. Giram nawa ake bukata? Leda nawa ke nan?

2. Idan leda ɗaya tana son ruwa lita 4, lita nawa rabin leda ke so? Kofi nawa ke nan, in kofin yana cin rabin lita?

3. Ruwa ya sake tafasa da ƙarfe 7:15, leda ta ce minti 10. Ƙarfe nawa za a fara duba sili?

4. A ce ana sayar da leda ɗaya naira 1,000, ta kai ga mutum 10. Nawa ne rabon mutum ɗaya?

5. An rubuta 03/2026 kusa da haruffan BB. Wane wata ne, wace shekara?

6. Me ya sa uwargida ta hana amarya ɗebo ruwan randa? A rubuta amsar da jimla biyu.

A gida, kowa ya auna babbar tukunyarsa ya gano inda lita 4 ke tsayawa. Wanda ya dafa taliya a wannan makon ya rubuta a littafinsa irin da ya dafa, mutum nawa suka ci, minti nawa ta yi a wuta, da abin da ya haɗa ta da shi. Masu sana'ar murji a cikinku su zo da lissafin kwano ɗaya na fulawa, kuɗin da aka saye shi da abin da aka samu bayan an sayar, za mu yi aiki da shi a darasin lissafi na mako mai zuwa.